Atishawa a Ofis: Yadda Aka Gano Fumfuna da Ƙarancin Iska a Ɗakin Ma'aikata 22

Yanayin wurin kafin matsalar

Sashen lissafi ne na wani kamfani, a hawa na biyu na wani ginin haya. Ɗaki ɗaya ne babba, faɗinsa murabba'in mita 120, tsayinsa daga ƙasa zuwa silin mita 2.7, wato yana ɗaukar iska kimanin kubik mita 324. An shimfiɗa masa kafet daga bango zuwa bango. A ƙarshensa akwai ƙaramin sito na fayiloli, wanda aka raba da ɗakin da bangon allo mai rami a ciki, ba na bulo ba.

Mutum 14 ne suka fara zama a ɗakin. Cikin shekara biyu aiki ya bunƙasa, aka yi ta ƙara tebura har suka kai 22. Tagogi shida da ke fuskantar titi an kulle su, an liƙe gefensu, saboda ƙarar motoci da kuma gudun kada sanyi ya tsere. Esi huɗu na bango su ne ke sanyaya wurin. Irin wannan esi ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan. Bututun da ya haɗa shi da injin da ke waje gas ɗin sanyaya yake ɗauka. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya mayar da ita. Ke nan sabuwar iska ba ta da hanyar shiga sai ta ƙofa da 'yan kafofin da ba a toshe ba.

Ma'aikaciyar da lamarin ya fi shafa shekarunta 34, ta yi shekara biyar a kamfanin, ba ta shan taba. Tana yarinya takan yi atishawa idan aka kaɗe ƙura, an kuma taɓa ce mata tana da asma, amma rabonta da maganin shaƙa tun tana sakandare. Teburinta yana ƙarshen ɗakin, kusa da esi na huɗu, gefen wasu dogayen kabad na ƙarfe da aka jingina da bangon siton.

Mako na 1 zuwa na 6: farkon alamu

Kamar mura abin ya faro. Idan ta shiga ofis da safe, kafin minti 40 atishawa ta taso a jere, hanci na zubar da ruwa tsinkakke, idanu sun yi ja suna ƙaiƙayi. Babu zazzaɓi, babu ciwon jiki. Ta sayi maganin mura mai ɗauke da kulofeniramin, tsohon maganin borin jini da ke sa barci. Atishawar ta ragu, amma sai ta riƙa gyangyaɗi a gaban kwamfuta, har ta yi kuskure sau biyu a jadawalin albashi.

Murar ƙwayar cuta takan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Wannan ta kai mako shida ba ta tafi ba, kuma tana da tsari. Ranar Litinin da sauƙi. Laraba da Alhamis abin ya yi tsanani. A hutun ƙarshen mako hancin ya buɗe, barci ya yi daɗi. Ita kanta ba ta lura da tsarin ba a lokacin. Daga baya ne, da aka tambaye ta, ta tuno.

A daidai wannan lokaci wasu abokan aikinta na fama da ciwon kai da nauyin ido bayan azahar. Kowa ya ɗora wa abin da ya ga dama: hasken kwamfuta, yawan aiki, rashin barci. Babu wanda ya kai ƙorafi.

Mako na 7 zuwa na 12: abubuwan da aka fara gwadawa

A mako na 7 ta sanar da manaja. Ya saurare ta, ya ɗauki mataki a ranar. Ya ce ƙura ce, ya umarci masu shara su riƙa share kafet kullum maimakon sau biyu a mako. Da tsintsiya mai tauri suke sharar, ƙarfe 7:30, ma'aikata kuma na shigowa ƙarfe 8:00. Ƙurar da ke kwance a cikin kafet sai ta koma sama, ba ta gama sauka ba mutane suka zauna. Atishawar da ke jiran minti 40 ta koma farawa tun daga ƙofa.

A mako na 8 wani ya ce yana jin warin danshi a ƙarshen ɗakin, warin tufafin da aka ninke ba su bushe ba. Aka sayo turaren ɗaki mai fesa kansa duk bayan minti 15, mai ƙamshin lemo. Warin ya ɓace. Ita kuwa tari ya ƙaru a kan atishawa, wasu mutum biyu suka fara jin maƙaƙi a maƙogwaro. An cire shi bayan kwana 10.

A mako na 9 aka mayar da teburinta ɗaya ƙarshen, nisan mita 9 daga inda take. Ta samu sauƙi na kwana huɗu, sannan alamun suka dawo, ko da yake ba su kai na da ba. A makon ne kuma aka manna sanarwa a ƙofa cewa kada kowa ya shafa turare mai ƙarfi ya zo aiki. Ba a ambaci suna ba, amma kowa ya san don wa aka rubuta. Ƙananan maganganu suka fara yawo: wasu na cewa raki gare ta, wasu na cewa hanyar neman hutu ce. Yawancin ma'aikata sun bi sanarwar. Alamun ba su canja ba.

A mako na 11 kamfanin ya sayo ƙaramar na'urar tace iska mai matatar HEPA, aka ajiye kusa da ita. Matatar HEPA ta gaske tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikuron 0.3 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don haka ba a aikin matatar matsalar take ba. A kwalin na'urar an rubuta cewa tana tace kubik mita 100 a awa ɗaya. Ɗakin kubik mita 324 ne, wato sai ta yi sama da awa uku kafin ta tace iskar da ta kai cikin ɗakin sau ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawara a 2023 cewa a nemi sauyin iska aƙalla sau 5 a awa a ɗakunan da jama'a ke zama. Na'urar ba ta kai ko kusa da haka ba. An kuma kawo shawarar sayen injin da ke fitar da iskar ozon don kashe wari. Jami'ar kula da ma'aikata ta ƙi, saboda ozon kansa yana fusata huhu, musamman na mai asma.

Ita ma a nata ɓangaren ta koma ɗiga maganin buɗe hanci da ake saya ba tare da takardar likita ba. Irin wannan magani ba a so a wuce kwana 5 zuwa 7 ana amfani da shi, domin bayan haka hancin yakan riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da ƙarfin maganin ya sake shi. Ta yi mako huɗu tana ɗigawa. Ta gwada takunkumin yadi, ta cire bayan kwana biyu saboda hancin da ke toshe ba ya barin ta numfasa a cikinsa.

Mako na 13 da na 14: tashin asma da ganin likita

Ranar Laraba ta mako na 13, wajen ƙarfe 3:00 na yamma, ta shiga siton neman wasu tsofaffin takardu. Kwalin da take so yana ƙasa, sai da ta ɗaga wasu uku kafin ta kai gare shi. Gindinsa ya yi laushi, takardun ciki sun manne da juna. Minti goma bayan ta fito ƙirjinta ya ɗaure, numfashi na fita da ƙugi, ba ta iya ƙarasa jimla ba tare da ta tsaya ta ja iska ba. Wata abokiyar aikinta ta kai ta asibiti. Aka ba ta maganin buɗe hanyoyin numfashi ta na'urar tururi, aka sallame ta a daren, aka rubuta mata hutun kwana 9.

Likitan huhu da ta gani a cikin hutun ya yi mata tambayoyi biyu da ake yi wa duk baligin da asma ta taso masa: shin tana samun sauƙi a ranakun da ba ta zuwa aiki, kuma tana samun sauƙi idan ta yi dogon hutu? Duka biyun ta amsa da e. Ana ƙiyasta cewa kusan 1 cikin 6 na asmar da ke kama manya tana da nasaba da wurin aiki, shi ya sa tambayoyin suke da muhimmanci.

Bayan ta dakatar da maganin borin jini na 'yan kwanaki, aka yi mata gwajin fata. Ana ɗiga ruwan abubuwa daban-daban a damtsen hannu, a ɗan tsikari fatar ta cikin kowane ɗigo, a jira minti 15 zuwa 20. Wuri biyu suka kumbura suka yi ja: na ƙwarin ƙura, wato ƙananan halittun da ke rayuwa cikin ƙurar ɗaki, da na fumfuna. Na gashin kyanwa da na ƙurar furanni ba su motsa ba. Ma'anar haka ita ce garkuwar jikinta ta riga ta ƙera sinadarin kariya mai suna IgE a kan waɗannan abubuwa biyu, ta ɗauke su a matsayin abokan gaba. Da zarar ta shaƙe su, wasu ƙwayoyin jiki da ke cikin hanci da huhu sai su saki histamin da makamantansa, fatar ciki ta kumbura, majina ta zubo, hanyoyin numfashi su tsuke. Game da turare, likitan ya ce yana iya fusata hancin da ya riga ya kumbura, amma ba shi ne tushen nata ciwon ba.

Ya tsayar da maganin ɗigawa, ya rubuta mata na fesawa a hanci wanda ke rage kumburi, ya gargaɗe ta cewa sai an yi kwanaki ko makonni ana amfani da shi kullum kafin a ga cikakken aikinsa. Ya ba ta maganin shaƙa iri biyu, na rigakafi na kullum da na gaggawa, ya sauya mata ƙwayar borin jini zuwa setirizin wanda bai cika sa barci ba. Sannan ya ba ta ƙaramin ma'aunin ƙarfin hura numfashi, ya ce ta hura sau huɗu a rana har mako huɗu, ranar aiki da ranar hutu, ta rubuta lamba da lokaci da inda take. Da yardarta ya rubuta wa kamfanin gajeriyar wasiƙa, bai zayyana sirrin lafiyarta ba, ya nemi a binciki danshi da shigar iska a ɗakin.

Da ta miƙa wa manaja wasiƙar, abin da ta ce kaɗan ne: "Yallaɓai, ba hutu nake nema ba. A duba ɗakin nan."

Mako na 15 zuwa na 18: awo

Abu uku aka auna a lokaci guda.

Na farko numfashinta. A ƙarshen hutun kwana 9 tana hura lita 430 a minti. Da ta dawo aiki, duk da sabbin magunguna, lambar takan fara daga 410 ranar Litinin da safe, ta sauka zuwa tsakanin 335 da 350 ranar Alhamis da yamma, ta haura 400 a ƙarshen mako. Haka ta yi mako huɗu a jere. Faɗuwar ta kai kusan kashi 20 cikin 100.

Na biyu sauran ma'aikata. An raba takardar tambayoyi da ba a rubuta suna a kai. Cikin 22, mutum 9 suka ce suna yawan ciwon kai ko gyangyaɗi bayan azahar, mutum 5 kuma suna da toshewar hanci ko ƙaiƙayin ido da ke sauƙi a ƙarshen mako. Wasu daga cikin waɗanda suka amsa haka suna cikin masu cewa raki gare ta.

Na uku iskar ɗakin. An kawo ma'aunin iskar kabon dayoksaid, wadda mutum ke fitarwa idan ya yi numfashi. Aka ajiye shi daidai tsayin kan mai zaune, nesa da ƙofa, da tazarar aƙalla rabin mita daga bakin kowa. A waje wannan iska tana kusan kashi 420 cikin miliyan. A ɗakin, ƙarfe 8:00 na safe ma'aunin ya nuna 460. Ƙarfe 9:00 ya kai 1,350, ƙarfe 11:00 ya kai 2,050, ƙarfe 3:00 na yamma ya tsaya a 2,300. Tun 1858 masanin tsafta na Jamus Max von Pettenkofer ya sa 1,000 a matsayin iyakar iska mai kyau a ɗaki, kuma har yanzu ana amfani da lambar. Hukumar lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta ce ɗakin da ke zama sama da 1,500 yana da ƙarancin iska, sai an ɗauki mataki.

Kabon dayoksaid a wannan mataki ba ita ke tayar da borin jini ba. Amfaninta shi ne tana nuna yawan sabuwar iskar da ke shigowa: idan ta taru, duk wani abu da ɗakin ke fitarwa shi ma ya taru. Baligi a zaune yana fitar da kimanin lita 18 a awa. Da wannan aka lissafa cewa kowane ma'aikaci yana samun sabuwar iska ƙasa da lita 3 a daƙiƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2021, ta sa lita 10 a daƙiƙa ga kowane mutum a wuraren da ba gidajen kwana ba. Mutum 22 na buƙatar lita 220. Kimanin 60 suke samu.

A mako na 17 aka ɓalle tagogi biyu aka bar su a buɗe kwana uku don gwaji. Ma'aunin ya sauka zuwa 850, masu ciwon kai suka ce sun ji bambanci tun ranar farko. Sai dai zafi da ƙarar titi da hayaƙin motoci sun shigo, na kusa da taga suka riƙa rufewa. Lambobin numfashinta kuwa ba su canja sosai ba a waɗannan kwanaki. Ma'aunin danshi shi ma ya nuna wani abu: kashi 58 cikin 100 a bakin ƙofa, amma tsakanin 71 da 74 a gefen bangon sito.

Mako na 19: bayan kabad

An janye kabad ɗin ƙarfe daga jikin bango. Daga tsayin gwiwa zuwa ƙasa allon ya yi baƙi-baƙi da kore, fentin ya kumbura, idan aka danna da yatsa sai ya loɓa. Faɗin wurin ya kai murabba'in mita 3. Kafet ɗin da ke ƙarƙashin kabad ɗin a jiƙe yake, bayansa ya yi yauƙi. A ɗaya gefen, cikin sito, kwalaye 11 da ke ƙasa sun sha ruwa.

Mai gyaran esi ya yanka allon ya leƙa. Duk esi yana tatso ruwa daga iskar da yake sanyayawa, ruwan ya taru a wani faranti, ya bi tiyo ya fita waje. Tiyon esi na huɗu an bi da shi ta cikin ramin bangon, mahaɗinsa ya saki, ruwan yana ɗiga a ciki inda ido ba ya gani. Da ya buɗe na'urorin huɗu, ragar gaba ta toshe da ƙura, fankar ciki ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. Takardun ofis sun nuna rabon a wanke su wata 14.

Fumfuna kan fara tsiro a kan allo ko kwali ko kafet idan suka wuce awa 24 zuwa 48 a jiƙe. Ƙwarin ƙura, waɗanda tsawonsu bai wuce sulusin milimita ba, ba sa shan ruwa, daga danshin iska suke tsotsa, don haka suna yaɗuwa a kafet mai laima, suna kuma ƙarewa idan danshi ya zauna ƙasa da kashi 50. Kashinsu ne mutane ke shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a jagorarta ta 2009 kan danshi da fumfuna cewa mazauna gine-gine masu laima sun fi fuskantar matsalolin numfashi da tashin asma. Ba a kai samfurin fumfunar ɗakin gwaji ba, domin kowace iri ce matakin ɗaya ne, a tsayar da ruwa a cire ta.

Mako na 20 zuwa na 23: gyara sau biyu

Mai ginin ya turo ma'aikacinsa a mako na 20. Ya ɗaure tiyon, ya goge bangon da bilic, ya shafa fenti. Aikin yini ɗaya. Bayan kwana 12 ɗigon baƙi ya fara fitowa ta cikin sabon fentin, saboda cikin allon bai bushe ba, fumfunar kuma ta riga ta ratsa shi. Kafet da kwalaye ba a taɓa su ba.

Gyara na biyu an yi shi ne bayan kamfanin ya nuna wa mai ginin hotuna da lambobin awo. An rufe ofis daga yammacin Juma'a zuwa Talata. Aka kewaye wurin da leda, masu aiki suka sa takunkumin N95 da safar hannu da tabarau. Aka yanke allon har rabin mita bayan inda tabon ya tsaya, aka ƙulle shi cikin leda kafin a fita da shi. Aka naɗe kafet ɗin ɗakin gaba ɗaya aka fitar. Aka bar fankoki da injin tsotse danshi suna aiki har sai da ma'aunin laima ya nuna lamba ɗaya a nan da busasshen bango, sannan aka sa sabon allo, aka shimfiɗa tayil. Tiyon aka fito da shi fili inda za a ga ɗigo idan ya sake saki. Takardun da suka jiƙe aka ɗauki hotonsu a kwamfuta aka zubar da kwalayen, sauran aka ɗora su a kan kanta mai tazara daga ƙasa. Aka wanke esi huɗun har ciki. A ƙarshe aka bi ɗakin da injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA da tsumma mai laima.

Don sabuwar iska, aka sa fanka mai tura lita 230 a daƙiƙa ta cikin bututu, da matata mai darajar MERV 13 a bakinta (MERV ma'aunin ƙarfin tacewar matata ne). Daga bayan ginin take zuƙo iska, nesa da titi da wurin ajiye motoci, aka kuma buɗe mafita a ɗaya ɓangaren ɗakin. Masu shara suka ajiye tsintsiya, suka koma goge tayil da tsumma bayan an tashi aiki. Aka cire sanarwar turare daga ƙofa. Ƙaramar na'urar tace iska aka mayar da ita ɗakin taro na mutum shida, inda ƙarfinta ya dace da girman wurin. Ma'aikaciyar ta yi aiki daga wani hawa na ginin har mako biyu, ba ta dawo ba sai da aka gama komai.

Mako na 24 zuwa na 36: sakamako

Ƙarfe 3:00 na yamma ma'aunin kabon dayoksaid yana tsayawa tsakanin 900 da 950. Danshi yana tsakanin kashi 50 da 55 a ko'ina cikin ɗakin. Da aka sake raba takardar tambayoyi a mako na 30, masu ciwon kai sun sauko daga 9 zuwa 2, masu matsalar hanci da ido daga 5 zuwa 1. Kuɗin wuta ya ƙaru, domin esi na sanyaya iskar da ke shigowa daga waje.

A mako na 31 lambar kabon dayoksaid ta yi tsalle zuwa 1,900 kwana biyu a jere. Wani ne ya kashe fankar saboda ƙugin da take yi kusa da teburinsa. Aka rage ƙarar da abin sassauta sauti a bututun, aka haɗa fankar da agogon da ke kunna ta awa ɗaya kafin shigowar ma'aikata.

Numfashin ma'aikaciyar ya daidaita tsakanin 410 da 430, babu bambanci tsakanin ranar aiki da ranar hutu. Maganin shaƙa na gaggawa, wanda take buƙata sau huɗu ko biyar a mako, ya koma sau biyu a wata. Borin jinin bai rabu da ita ba. Tana nan kan maganin fesawa da na rigakafi, takan kuma yi atishawa da asuba a gida, abin da likitan ya danganta da ƙwarin ƙura na katifa da matashi; ya ce ta riƙa wanke zanin gado da ruwa mai zafin digiri 60.

Abin da lamarin ya nuna

Matsala biyu ce ta haɗu a ɗaki ɗaya. Ruwan da ke ɗiga cikin bango ya haifar da fumfuna da ƙwarin ƙura, su ne suka tayar mata da asma. Ƙarancin sabuwar iska ya sa abin da bangon ke fitarwa ba ya da hanyar fita, shi ne kuma ya fi kusa da bayanin ciwon kan sauran. Gwajin taga na mako na 17 ne ya raba su: iska ta wadata, masu ciwon kai suka samu sauƙi, ita ba ta samu ba. Da an sa fankar kawai, da ma'aunin ya nuna lamba mai kyau ita kuwa tana ci gaba da shaƙar fumfuna.

Manajan bai yi sakaci ba, ya motsa tun ranar farko. Amma yawancin matakan mako na 7 zuwa na 12 a kanta aka ɗauke su ko a kan warin: a matsar da ita, a ba ta na'ura, a hana abokan aikinta turare. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mako na 8. Warin danshi alama ce ta ruwa a inda bai kamata ba, kuma daga inda aka ji shi zuwa bayan kabad taku biyu ne. Da an janye kabad ɗin a ranar, da mai yiwuwa ba ta kwana da ƙirji a ɗaure ba bayan mako biyar. Sanarwar turare kuwa ta jawo mata baƙin jini a banza, ta sa mutum huɗu masu irin alamunta suka yi shiru har sai da aka ba su takardar da ba suna.

Wannan ba sabon abu ba ne. Bayan tsadar mai ta 1973 an rage yawan sabuwar iskar da ake shigarwa gine-gine a Amurka don tsimin makamashi, ƙorafe-ƙorafe suka biyo baya, a 1989 aka sake ɗaga ma'aunin. Wani rahoton kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1984 ya yi hasashen cewa har kashi 30 cikin 100 na sabbin gine-gine da waɗanda aka sabunta na iya fuskantar ƙorafi mai yawa kan iskar ciki. Yarjejeniya ta 120 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1964, wadda ta shafi tsafta a ofisoshi da wuraren kasuwanci, ta riga ta ce wurin aiki ya samu isasshiyar iska sabuwa ko tatacciya. Wannan nauyi a wuyan mai ɗaukar aiki yake, ko da ginin na haya ne.

Abin da ya juya lamarin rubutu ne: lambobin da ta riƙa rubutawa sau huɗu a rana, takardar tambayoyi, da ma'auni biyu masu sauƙin samu. Su ne suka kawo ƙarshen zancen raki, su ne kuma suka sa mai ginin ya yarda da gyara na biyu. Ana iya cewa sabbin magunguna ne suka gyara numfashinta, amma ta yi mako huɗu a kansu lambar tana faɗuwa duk Alhamis, ba ta daina ba sai bayan an cire allon da kafet.

Sauran aikin na kiyayewa ne. An sa wanke ragar esi duk wata, wankin ciki da duba tiyo duk wata uku, canjin matatar fanka idan ta yi datti, da sunan wanda zai sa hannu a kan kowanne. Fankar da aka sa ta ishi mutum 23 ne kawai. A mako na 36 kamfanin yana shirin ƙara tebura huɗu a ɗakin, jami'ar kula da ma'aikata ta rubuta cewa sai an ƙara ƙarfin fankar ko a nemi wani ɗaki, kuma ba a riga an yanke shawara ba.